Allon Ƙusoshin Gwaggo

Litinin, 4 ga wata

Gwaggo Malama,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa daga ni da maiɗakina da yaran nan biyu. Ya ƙarfin jiki? Ya gwiwa, ya kuma idon? Mu nan lafiya lau, sai ƙaramar da ta yi ɗan mura, ta kuma warware.

Na san za ki ce sai da matsala Auta ke tuna yana da gwaggo. Na amsa laifina tun kafin ki faɗa. Da waya zan kira, to ke da waya sai "Iye? Iye?" har mutum ya gaji, shi ya sa na ba direban kamfaninmu wannan takarda, tunda duk mako yana sauke kaya a layinku. Ko da yake kakanni kawai kuka haɗa da marigayi Baba, ke ce kika rage mini wadda zan gaya wa irin wannan magana, ga shi kuma shekara talatin kika yi kina koyar da lissafi.

Kin san aikina. Mu huɗu ne, kowa da injinsa, muna cika leda da garin sabulun wanki, giram ɗari biyar kowace leda. Kullum mai awonmu, wanda muke kira Mai-Sikeli, yana ɗaukar leda arba'in daga kowane inji ya auna. Wadda ta wuce ko ta gaza da fiye da giram goma, ta lalace ke nan. Shekara bakwai muna haka ba wanda ya ce uffan.

Sai aka kawo sabon manaja. Ya liƙa takarda a bango kusa da ƙofa. Duk Asabar, wanda ya fi yawan lalatattun leda a cikinmu, a rubuta sunansa da jar biro. Ja uku, sallama. An riga an sallami mutum ɗaya, na ga yadda ya kwashe kayansa daga gidajen ma'aikata, katifa a kan baro. Ni ma a can nake zaune, kin sani.

Gwaggo, ja biyu gare ni. Na farkon leda goma sha ɗaya ce, abokin aikina Dogo na da goma, wato leda ɗaya ta kai ni bango. Tun daga ranar ban ƙara zama ba. Akwai wani noti a gefen inji da ake murɗawa a ƙara gari ko a rage. Da na ga leda ta yi nauyi sai in rage, da ta yi sauƙi sai in ƙara. Wuni nake a tsaye hannuna a kan notin, ko abincin rana a tsaye nake ci. Duk da haka makon jiya ashirin da biyu na samu. Wallahi ban gane ba. Dogo har gyangyaɗi yake a bakin injinsa, ya tashi da bakwai.

Shin hannuna ne ya lalace, ko wani ke taɓa mini inji? Ki duba mini da idon lissafi. Sannan don Allah kada maganar nan ta fita, ko surukarki kada ta ji. Maiɗakina ma ban gaya mata ba.

Ɗanki,
Auta

Alhamis, 7 ga wata

Auta,

Wa alaikumus salam. Na ji daɗin jin lafiyarku. Ka shafa mini kan ƙaramar, ka ce wa uwarta ta daina barinta tana wasa da ruwa da safe. Gwiwa tana nan yadda ka san ta. Ido kuwa, yanzu sai na kai takarda bakin taga nake karatu, don haka ka riƙa ƙara girman rubutunka, wannan naka kamar tururuwa ta faɗa tawada.

Na karanta sau biyu. Ba wanda ke taɓa maka inji, ka cire wannan daga ranka kafin ka fara kallon abokan aikinka a karkace. Kuma ka lura da abu ɗaya: in mutum huɗu suka tsaya a layi, dole wani ya zama na ƙarshe, ko da duk gwanaye ne. Amma in na tsaya yi maka bayani da baki, zai shiga ta nan ya fita ta can, na san ka tun kana rarrafe. Gara ka gani da idonka.

Ka samu kafinta. Ga zane na sa a bayan takardar. A yanko katako mai laushin fuska, tsawon hannu ɗaya da rabi, faɗin hannu ɗaya. A buga ƙusoshi layi goma sha biyu daga gefe zuwa gefe, kowace ƙusa ta layin ƙasa ta zauna daidai tsakiyar biyun da ke samanta. A ƙasa a raba wurin da siraran katako ya zama ƙananan ɗakuna a jere, kowane ɗaki faɗin tazarar ƙusa biyu. A sama a sa mazurari a kan sanda, yadda za a iya tura shi hagu ko dama. A rufe fuskar da gilashi.

Sannan ka je wurin mai gyaran keke ka samo 'ya'yan boris, ƙananan ƙwallayen ƙarfen nan, guda ɗari biyu, duk girma ɗaya. Tazarar ƙusoshin ta ɗan ɗara girman ƙwallon kaɗan, yadda zai wuce amma sai ya bugi ƙusa ya zaɓi hagu ko dama. Ka ƙirga ɗaki uku a hagun na tsakiya ka ja jan layi, haka ma a dama. Duk ƙwallon da ya faɗa bayan jan layi, ka ɗauke shi lalatacciyar leda.

Ka jingine allon da bango, ka sa mazurari a tsakiya, ka zuba su a hankali. Ka yi haka sau biyar, kana rubuta nawa suka tsallake layi kowane zubi. In ka aiko mini da abin da ka gani, sai in gaya maka mataki na biyu. Kada ka tambaye ni yanzu, ba zan faɗa ba.

Maganarka tana cikina, ba mai ji. Amma ɓoye wa matarka ba dabara ba ce, ka yi tunani.

Gwaggonka

Laraba, 13 ga wata

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, da fatan ke ma haka. Ga rubutun na ƙara masa girma.

An yi allo. Kafintan bakin layinmu ya yi shi cikin kwana biyu, yana yi yana tambayata ko tarkon ɓera ne. Na zuba sau biyar kamar yadda kika ce. Suna taruwa a tsakiya kamar tsibin yashi, su yi ƙasa-ƙasa ta gefe. Waɗanda suka tsallake jan layi: bakwai, goma sha biyu, biyar, tara, takwas.

Kafinta ya ce aikinsa ne bai yi kyau ba, tunda daga rami ɗaya suke fitowa ya kamata su sauka ɗaki ɗaya. Ya cire ƙusa goma ya sake bugawa, ya sa ma'auni ya daidaita. Muka sake zubawa, duk kanwar ja ce, sai watsuwa suke.

Gwaggo, ki gafarce ni, amma ban ga abin da wannan zai yi mini ba. Asabar ɗin da ta wuce da leda ɗaya na tsira, Dattijo mai inji na uku ne ya sha jan, shi ma ya zama biyu. Jiya Manaja ya tsaya a bayana kusan minti goma yana kallon aikina. Ni ina cikin wannan hali, ke kuma kin sa ni wasan yara da ƙwallaye kamar ɗan aji uku.

Na gaji. Na ajiye aikin kawai, Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri. Direba na jira, sai wani jiƙon.

Auta

Talata, 26 ga wata

Gwaggo Malama,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina kuma neman afuwa. Mu duka lafiya. Sau biyu direba yana dawowa hannu rabbana. Na farko ya ce surukarki ta ce kina kwance, na biyu ya ce ƙofa a rufe take. Na san abin da na yi. Uwa kamarki ta zauna da idon da ba ya gani sosai ta yi mini zane, ni kuma na kira shi wasan yara. Ki yi mini faɗa son ranki, amma ki daina shirun nan.

Bari in gaya miki abin da ya faru. Allon yana bayan ƙofa kwana huɗu, sai maiɗakina ta jawo shi tana shara. Ta ce, "Wannan fa?" Na fara kame-kame. Ta ce, "Malam, mutumin da ya daina ƙarin abinci mako biyar, ya kuma daina faɗa a kan rimot ɗin talabijin, ai ba sai an gaya mini akwai magana ba. Korarka za a yi?" Sai kawai na zauna na gaya mata komai. Ba ta yi kuka ba, ta dai ce da na faɗa tun farko da an raba nauyin.

Ranar Lahadi da hantsi muka fito da shi tsakar gida. Ta zuba nata ɗari biyu, takwas suka tsallake. Na ce mata ta matsa ta ga aikin ƙwararru. Na riƙa sakin ƙwallo ɗaya-ɗaya. In ya faɗa ɗaki biyu a dama, in tura mazurari ɗaki biyu hagu don in gyara. In ya faɗa hagu, in mayar da shi dama. Na fi awa ɗaya ina wannan, gumi har cikin ido. Da muka ƙirga, Gwaggo, talatin da ɗaya! Tsibin ma ya baje kamar an taka shi.

Ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce, "Kai dai ka cika taɓe-taɓe. Haka kake yi wa rediyo, tasha tana fita lafiya sai ka murɗa ta ɓace."

Ban yi dariya ba, don a take notin injina ya faɗo mini a rai. Na ce a sake. Muka sake, ita tara, ni ashirin da takwas. Ashe ni nake ɓata aikina da hannuna. Ko wannan ne mataki na biyun da kika ƙi faɗa?

Washegari na saita inji da safe, na cusa hannuwana a aljihu. Ban taɓa sanin barin abu yana da wuya haka ba. Duk ledar da ta ɗan yi nauyi sai in ji yatsuna suna ƙaiƙayi. Ranar Asabar aka ƙirga, tara gare ni. Dogo ne ya sha ja da goma sha ɗaya, ya tsaya gaban takardar yana rantsuwa bai canza komai ba. Na yarda da shi.

Sai dai har yanzu ja biyuna na nan, kuma yanzu na gane ko na yi komai daidai, wata Asabar ɗin za ta iya faɗowa kaina. Me zan yi? Ki amsa ko da layi ɗaya ne.

Ɗanki mai laifi,
Auta

Juma'a, 6 ga sabon wata

Auta, ɗan nema!

Wa alaikumus salam. Lafiyata ƙalau yanzu, alhamdu lillahi, amma ka kusa sa hawan jinina ya kai ni inda ba a dawowa.

Wane irin mutum ne zai rubuta wa tsohuwa "na ajiye aikin" ya sa aya ya tafi? Aikin allo kake nufi, ni kuwa na ɗauka aikin kamfani ka ajiye! Takardarka ta iso ni ana gobe za a yi mini aikin ido, yanar nan ta hagu da aka daɗe ana ɗagawa. Ban gaya maka ba don kada in ƙara maka damuwa. Aka shiga da ni ɗakin tiyata ba abin da nake gani sai kai da katifa a kan baro, da yaran nan a baya. Na ce ni na jawo, yaro ya kawo kukansa na ba shi ƙusoshi.

Likita ya hana ni karatu da rubutu har sai ya ba da izini, idon dama kuma ka san ba ya raba alif da sanda. Takardarka ta biyu ta zo, na riƙe ta a hannu, ba halin karantawa. Surukata ta ce, "Mama, kawo in karanta miki mana." Na ce a'a, tunda ka ce kada ta ji. Kwana tara tana ƙarƙashin matashina. In na shafa na ji kaurinta sai in ce shi ke nan, labarin neman ɗakin haya ne. Har surukata ta fara zargin ko wani tsoho ne ke aiko mini da wasiƙar soyayya.

Jiya likita ya ce in gwada karatu. Ko gida ban bari mun kai ba, a kan bencin asibiti na buɗe. Da na kai wurin da ka ce ka saita inji da safe, sai na ce "Alhamdu lillahi!" da ƙarfi har wata nas ta leƙo. Maganar wasan yara kuwa, ko a jikina. Ɗalibai sun kira lissafina abin da ya fi haka muni.

E, shi ne mataki na biyu, kuma matarka ta riga ka ganewa. Ka gaishe ta da kyau.

Yanzu saura Manaja. Ka saurare ni. Kada ka je masa da fuskar wanda ya zo koyar da shi, babba ba ya son a gyara shi gaban yaransa. Ka fara samun Mai-Sikeli, tunda duk awon yana littafinsa. Ku samu takarda mai gida-gida, kowane inji da tasa, ku ɗiga ɗigo ɗaya a kan nauyin kowace leda, na mako shida. Za ka ga ɗigon sun yi tsibi irin na allo. In tsibin huɗun kamarsu ɗaya, to ba mai laifi a cikinku, sa'a ce kawai ke zagayawa. In wani ya bambanta, can ne za a duba. Kuma naka na makonnin taɓe-taɓe zai fito a baje. Kada ka ɓoye shi. Da shi za ka fara.

Ka roƙi minti goma sha biyar lokacin hutun rana, ka bar allon ya yi magana, kai ka rage taka.

In ka sake rubuto mini magana mai harshe biyu, da kaina zan zo in ja kunnenka.

Gwaggonka

Lahadi, 22 ga wata

Gwaggo Malama,

Assalamu alaikum. Sannu da jiki, sannu, Allah ya ƙara sauƙi ya tabbatar da hasken idon. Da na karanta takardarki kunya ta kama ni har na kasa haɗa ido da maiɗakina. Ta ce daga yau ita za ta riƙa duba wasiƙata kafin ta fita. Ta duba wannan. Mu duka lafiya.

An yi, Gwaggo. Bari in bi miki daki-daki.

Mai-Sikeli ya ba ni wuya da farko, ya ce shi ba ya son shiga rigimar manya. Da na nuna masa allon a gida ya zuba da hannunsa sau uku, sai ya ce, "Ni ne fa nake miƙa sunayen nan duk Asabar." Kwana uku muna ɗiga ɗigo lokacin hutu.

Ranar Laraba na ɗauko allon a nannaɗe cikin tsohon zane. Mai gadi ya hana ni shiga sai da ya leƙa, ya ce in dai ba ya fashewa in wuce. Na sami Manaja a ofis na ce, "Ranka ya daɗe, na gano wani kuskure da nake yi a inji, ina so in nuna maka." Jin kuskurena ne, sai ya taso.

Muka jingine allon a teburin awo. Na nuna masa zubin da ba a taɓa mazurari, da wanda ake bin ƙwallo ana gyarawa, sannan na ɗora takardar ɗigona a gefe. Na ce, "Wannan bajajjen tsibin ni ne, ranka ya daɗe. Tsoron jar biro ya sa na riƙa murɗa noti." Ya dubi takardar ya dubi allon, ya ce, "To ai ka ga jan ya yi amfani, ya kama mai laifi."

Sai Mai-Sikeli ya ce, "Ranka ya daɗe, a gwada wani abu mana. Kowa ya zuba ɗari biyu, kada a taɓa komai, ni zan ƙirga kamar ranar Asabar."

Dogo ya zuba, shida. Dattijo, goma sha ɗaya. Sabon da aka ɗauka a madadin wanda aka sallama, takwas. Ni, biyar. Mai-Sikeli ya zaro jar biro daga aljihu ya ce, "Dattijo, ka yi sakaci." Dattijo ya ce, "Sakacin me? Zubawa kawai na yi!" Aka sake zagaye, wannan karon Dogo ne a ƙarshe. Mutane sun fara taruwa, har masu ɗaure kwali.

Manaja ya ce ba mu iya zubawa ba ne, da gaggawa muke yi. Ya naɗe hannun riga ya karɓi kofin da muke zuba ƙwallayen da shi, ya riƙa zubawa a hankali kamar mai ɗura wa jariri magani. Mai-Sikeli ya ƙirga, ya sake ƙirgawa.

Manaja ya ce, "Nawa?"

"Goma sha uku, ranka ya daɗe."

Kowa ya juyo yana kallon Manaja. Na ce a raina yau kam na kori kaina da kaina. Sai Dattijo, da yake a shekaru ya haifi Manaja, ya ce a hankali, "Ja ɗaya ke nan, saura biyu, ranka ya daɗe." Wata mai ɗaure kwali ta fashe da dariya, kowa ya bi. Manaja bai yi dariya ba, amma na ga gefen bakinsa ya motsa. Ya ce, "Hutu ya ƙare, kowa ya koma aiki." Ya tattara takardun ɗigon huɗu ya shige ofis.

Kwana biyu ba mu ji komai ba. Ranar Juma'a sai ga shi da makaniki, suka nufi inji na uku. Ashe ya lura da abin da mu ba mu kula ba: tsibin Dattijo bai baje ba, amma gaba ɗayansa ya karkata wajen sauƙi, kuma kowane mako yana ƙara karkata. Da aka buɗe, wata roba ce ta cinye a bakin da gari ke fita. Aka canza ta cikin rabin awa. Saura ƙiris a sallami mutum mai shekara ashirin a wurin saboda roba.

Jiya Asabar muka zo muka tarar an cire takardar bango. An liƙa takardu huɗu masu gida-gida, da lambar inji a kai, ba sunan kowa. Manaja bai ce ya yi kuskure ba, ban kuma sa ran zai ce ba. Ya dai tsaya kusa da ni ya ce, "Wa ya koya maka wannan?" Na ce gwaggota. Ya ce, "A wane kamfani take?" Na ce tana gida tana jinyar ido. Ya ce su ma an nuna musu irinsa a makaranta, a hoto, ya manta. Ya kuma ce in riƙa kawo allon duk ranar da aka ɗauki sabon ma'aikaci.

Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai. Na yi ƙarfin hali na tambaye shi wanda aka sallama. Ya ce zai duba. Na je unguwar da aka ce ya koma, maƙwabta suka ce ya kwashe iyalinsa sun bar garin, ba wanda ke da lambarsa. Mai-Sikeli ya ce zai ci gaba da cigiya.

Ban san da bakin da zan gode miki ba. Yau har ƙari na yi sau biyu.

Ɗanki,
Auta

Laraba, 25 ga wata

Auta,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya, idon sai godiya. Jiya na ga ashe labulen ɗakina fure gare shi, shekara huɗu ina ɗauka datti ne. Ka gaishe da mai duba wasiƙa, ka ce aikinta ya yi kyau, ban sami kalma mai harshe biyu ba.

Na karanta labarin Dattijo da Manaja sau uku, na karanta wa surukata ma, tunda yanzu ba sirri. Ta huta da zargin tsoho. Na gode wa Allah da ya rufa asiri. Manajan naku ba mugu ba ne, ka riƙe shi da mutunci, wanda ya koma ya duba takarda bayan an yi masa dariya yana da sauran alheri. Mutumin da ya tafi kuwa, kada ku daina cigiya. Ni ma da na kwanta jinya na tuna yara nawa na tsayar gaban aji don sun zo na ƙarshe da maki ɗaya ko biyu. Wasu ko fuskarsu ban iya tunawa.

Yanzu bari in gaya maka abin da na ɓoye. Allon nan, ni ban taɓa yin sa ba. Sau ɗaya tak na gan shi a rayuwata, a kwalejin horon malamai, wani malaminmu ya fito da shi daga kabad ya zuba sau biyu ya mayar ya kulle. Ina daga layin baya, ta kan kafaɗar mutane na hango. Na roƙi shugabannin makaranta uku su sa a yi mana, kowa ya ce baɗi. Lissafinsa na sani kamar sunana, amma awon da na ba ka, hannu ɗaya da rabi da tazarar ƙusa, duk kintace ne. Da ka rubuto cewa sun yi tsibi a tsakiya, ka yi fushi, ni kuwa da ba don layin ƙarshen nan naka ba da na taka rawa.

Don haka na yi magana da direbanku. Ya ce gaban mota akwai wuri, ranar Asabar zai biyo ya ɗauke ni, likita ma ya yarda in dai na sa baƙin tabarau. Ka karɓo kofin da ƙwallayen duka ɗari biyu, ka goge gilashin. Ka gaya wa Kafinta ya zo in gan shi. Kwana biyu zan yi, kada a yi wahalar girki.

A sa mini kujera mai jingina a tsakar gida, kusa sosai. Allon kuma a ajiye shi ta haguna, don wancan idon ne aka gyara.

Gwaggonka